Injin da Ke Kuka a Shagon Mati

Da hantsin ranar Lahadi aka tarar da Mati kafinta kwance cikin dusar katako a shagonsa, a ƙauyen Tudun Kanya da ke gefen Bagwai. Hannunsa na dama ya tsage tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Dusar ta shanye jinin ta koma baƙa. A kan tebur injin yankan katakonsa na tsaye shiru, kansa a ɗan karkace kamar mai sauraron abin da za a ce.

Waɗanda suka fara shiga sun iske Ishaya durƙushe a kan gawar, ba riga a jikinsa, jini har ƙirji. Ishaya manomi ne daga gidajen Kiristoci na hayin rafi. Jiya Asabar mahaifiyarsa, Gwaggo Kande, ta rasu, Mati ne zai haɗa mata akwatin gawa, kuma da sassafe an ji su biyun suna ɗaga murya. Wannan ya ishi rabin gari. Sauran rabin kuwa suka ce ba mutum ba ne. Sati uku ke nan ana jin injin nan yana kuka shi kaɗai, ƙofar shago a garƙame da kwaɗo, Mati kuma yana gona.

Labari ya sami Malam Sabo yana tsakiyar noman gero. Ya ajiye fartanya ya hau keke, ko ƙafarsa bai wanke ba. Shekara talatin ya yi yana koyar da aikin katako a makarantar sana'a kafin ya yi ritaya, kuma shi ne ya zaɓar wa Mati injin.

Duk tsawon hanya ranar yake tunawa. Bara ne, bayan kaka, Mati ya sayar da raguna biyu suka shiga Kano. Mai shago ya jera musu inji uku, duk na hannu. Mati ya so mai arha, wanda in ka danna makunni yake ci gaba da gudu har sai ka kashe. Malam Sabo ya hana. Ya ja shi wurin wanda kansa ke juyawa hagu da dama, kuma yana kwantawa gefe, yadda zai yanka kwana biyu a sara ɗaya. Murfinsa na rufe faifan zarto da kansa. A mariƙinsa akwai kunama irin ta bindiga, da ɗan maɓalli a gefe, sai ka danne su tare zai tashi. Mai shagon ma ya ce daga wajen wani kafinta da ya rasu aka kwaso shi, suka yi dariya.

"Ɗauki wannan," in ji Malam Sabo a ranar. "Ba ya tashi sai da yatsanka a kai. Ka saki, ya mutu."

Maganar nan ce ta yi ta bin sa a kunne har ya iso.

A ƙofar gidan dagaci samari sun taru, ba mai magana da ƙarfi, amma wasu da sanduna. Ishaya na cikin zaure a tsare. Sufeto Iliyasu, wanda ya zo daga Bagwai a kan babur da kurtu ɗaya, yana tsaye a bakin ƙofa yana share gumi.

"Malam, kai ne aka ce ka san injin?"

"Ni na zaɓo shi, Yallaɓai."

"To ka ji yadda ake ciki. Motarmu ba mai, an ce za a samu kafin la'asar. Da ta zo zan ɗauke mutumin nan, gobe Kano. Barinsa a nan ma ba alheri ba ne, kana ganin yaran nan."

"Gawar uwarsa fa? Tana kwance tun jiya."

"Na sani." Sufeto ya kawar da kai. "In kana da abin da za ka nuna min, nuna min yanzu."

An riga an ɗauke Mati zuwa gida. Shagon ɗaki ɗaya ne na langa-langa, taga ɗaya, duhu-duhu, ƙofa a gaba da wata 'yar ƙarama a baya. Ƙarnin jini ya haɗu da ƙamshin sabon katako. Sababbin allunan akwatin na jingine a bango, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Abu na farko da Malam Sabo ya yi, ya bi wayar injin da ido. Tana nan a soket. Ya zare ta, sannan ya matsa.

Murfin faifan a ɗage yake, an sassauta masa noti. Sifana na ƙasa cikin dusa. A gefen tebur ga sabon faifai cikin kwalinsa. Ya juya tsohon a hankali da ɗan katako, har ya zo kan gurbin da haƙori ɗaya ya ɓalle.

"Ba yanka yake yi ba, Yallaɓai. Faifai yake canzawa."

"Da waya a jone?"

"Da waya a jone." Muryar Malam Sabo ta yi ƙasa. "Wata huɗu rabon garin nan da wuta. Daga janaretan mai niƙa ya jawo waya. Janareta a kashe, kuma an gaya masa injin ba ya tashi sai da yatsa. Me zai zare?"

"Wa ya gaya masa haka?"

"Ni."

Sufeto ya dubi soket ɗin.

"Duba nan," Malam Sabo ya ci gaba. "Mai yanka da wannan, hannun dama na sama a kan mariƙi, hagu ke danne katako. In injin zai ci mutum, hagu yake ci. In ma wani ya ture shi, da ya saki kunama injin zai tsaya. Mati dama aka yanka. Hannun da ya kamata ya tayar da injin, shi ne a bakin faifai."

"Wani ya danna masa ke nan."

"Ko wani abu. Haska min da wayarka."

Mati ya naɗe mariƙin da baƙar robar taya tun tuni, don kada ya riƙa zame masa da gumi. Jini ya fantsama a kanta ɗigo-ɗigo, ko'ina, ya bushe. Amma daidai kan kunama da ɗan maɓallin, akwai wani layi mai faɗin yatsa biyu da ya zagaye mariƙin, fes, ba ɗigo ko ɗaya.

"Lokacin da jini ya fantso, akwai abin da ke ɗaure a nan," in ji Malam Sabo. "Wata robar ce a kan tasa, baƙa kan baƙa, a cikin duhun nan ba zai lura ba. Ita ta danne kunama. Ana tayar da janareta injin ya tashi. Bayan nan wani ya shigo ya warware ta."

"Bayan ya yanke?"

"Bayan ya yanke."

Sufeto ya ɗauki hoto sau uku. Malam Sabo kuma ya sunkuya yana karanta lambobin da ke jikin injin. An juya kan zuwa digiri goma, an kuma kwantar da shi digiri goma. Ya dubi allunan akwatin, ya sake duban lambobin. Kafaɗar akwatin gawa ba haka ake yanka ta ba. Kuma ya san Mati, in ya gama aiki sai ya mayar da injinsa tsaye cak kafin ya kulle.

Ya tona tarin guntaye da ke bayan tebur. A ƙarƙashin fararen guntayen Mati sai ga wasu baƙaƙe, tsohon katakon rufi ne da hayaƙi ya dafa, duk ramukan ƙusa. Ɗaya na ɗauke da rabin ƙusa, bakinta na ƙyalli inda faifai ya datse ta. Ba zanen fensir a jikinsu. An karce su ne da tsinin ƙusa, layi biyu sun giciye juna. Malam Sabo ya daɗe yana kallon zanen nan. Ya sa guntun a aljihu.

Nababa mai niƙa na zaune a bayan injinsa, bangonsu ɗaya da shagon Mati, ya haɗa kai da gwiwa.

"Nababa, yaushe ka tayar yau?" Sufeto ya tambaya.

"Da hantsi, Yallaɓai. Jiya gas ya ƙare min bayan la'asar, ana tsakiyar niƙan Barira. Har yanzu rabin dawarta na cikin injin, ta zage ni ta zagi kakana."

"Ina ka sami na yau?"

Nababa ya ɗago kai. "Ishaya ne ya je Bagwai ya sayo. Ya ce don a yanka akwatin."

Sufeto ya juyo ya dubi Malam Sabo. "Ka ji ko? Shi ya kawo gas ɗin."

"Na ji. Nababa, da ka tayar, me ka ji?"

"Injin Mati ya tashi tare da nawa, kai ka ce da igiya ɗaya na ja su. Ya yi ta kuka, ya yi ta kuka, ba sautin cin katako. Can sai ya yi tsit."

"Ba ka leƙa ba?"

"Malam, 'ya'yana bakwai. Sati uku ina jin abin nan, ina karanta abin da na iya ina toshe kunne. Ni da gari na saba, ban saba da mutanen ɓoye ba."

"Jiya ma ya yi kukan?"

"Ya yi. Mati ya tafi Bagwai sayo alluna, shago a kulle. Yana cikin kukan gas ya ƙare, suka mutu tare."

"Ko sau ɗaya ya taɓa yin kukan janaretanka a kashe?"

Nababa ya girgiza kai. "A'a fa."

"Aljanin da ke jiran gas," in ji Sufeto, ba dariya a fuskarsa.

A zauren dagaci Ishaya na zaune a ƙasa, wani ya yafa masa tsohon buhu. Idanunsa sun kumbura. Da ya ga Malam Sabo sai ya yunƙura zai durƙusa.

"Zauna, Ishaya. Ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana."

"Na gode, Baba. An haƙa kabari tun safe. Mata na can suna ta fifita ta."

"Me ya haɗa ku da Mati?"

"Na zo na tarar ko allo ɗaya bai yanka ba, raina ya ɓaci, na faɗi maganar da bai kamata ba. Ya ce in yi haƙuri, ba wuta, kuma aljaninsa ya karya masa haƙorin faifai sai ya canza. Yana faɗa yana murmushi. Na ce in gas ne zan sayo. Na sayo na ba Nababa, na haye gida in ga masu haƙa. Da na dawo..." Ya dubi tafin hannunsa. "Na cire rigata na ɗaure masa. Jinin ya riga ya daina zuwa."

"Injin na gudu?"

"A'a. Na Nababa ne kawai ke yi."

"Jiya bayan la'asar kana ina?"

"Kan Gwaggo na kan cinyata. Mutum ashirin sun gan ni, har da matan Musulmi da suka zo dubiya." Ya ɗago. "Baba, da ban sayo gas ɗin nan ba, da yana raye ko?"

Malam Sabo ya so ya ce masa shi ma tun safe irin wannan lissafin yake yi. Sai kawai ya dafa kafaɗarsa ya fita.

A waje ya ce wa Sufeto, "Jiya aka ɗaura robar, Yallaɓai. Wani na ciki yana yanka, gas ya ƙare, injin ya mutu da kansa, ya fita ya manta ta. A lokacin Ishaya na riƙe da uwarsa, Nababa na shan zagin Barira. Kuma mai neman akwati kafin la'asar ba zai kashe mutum ɗaya tilo da zai iya haɗa shi ba."

"To wa zai ɗaure kunama? Ai dannawa ta fi sauƙi."

"Ga mai lafiyar yatsu."

A gidan Mati ana shirin wanka. Malam Sabo ya nemi a yi masa iso wurin matar, Hure. Ta zo bayan labulen zaure ta tsaya, ba ya ganin komai sai ƙafafunta.

"Hure, ki gafarce ni, tambaya ɗaya ce. Makullin ƙofar baya nawa ne?"

"Biyu, Malam. Ɗaya na aljihunsa. Ɗaya tun ranar da ya buɗe shagon ya kai wa Baba Sama'ilu. Ya ce shi ba zai kulle wa wanda ya koya masa riƙon zarto ƙofa ba."

"Bai taɓa jin tsoron kukan da ake faɗa ba?"

"Sau nawa ina roƙonsa ya sayar da abin nan. Sai ya yi dariya ya ce, Hure, aljanin nan tsoho ne, a bar shi ya ci abinci. Har Nababa yake ƙara wa na gas don ya daɗe bai kashe ba. Ni ban gane ba."

Malam Sabo ya gane.

Zauren Baba Sama'ilu na bayan shagon, taku talatin ta lungu. Shekara hamsin duk ƙofa da taga da ke Tudun Kanya daga hannunsa suka fito. Tun da injin ya zo garin bai taɓa taka shagon Mati a gaban mutane ba. A majalisa yakan ce katakon da ba a yi gumi a kansa ba, ba ya ƙarko. Da aka fara jin kukan kuwa, shi ya fara cewa kayan mamaci ba a raba su da mai su.

Suka same shi zaune a kan buzu, hannayensa cikin riga. A jikin bango an jera kujerun tsuguno guda takwas, irin na mata, sababbi.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Sabo ne? Ɗaga murya, kunnen ya yi nisa."

"Yau Lahadi, Baba, kasuwar Ɗambatta. Ba a kai kujerun ba?"

"Ana makoki."

"Motar kasuwa tun sassafe take tashi. Lokacin Mati na da rai." Malam Sabo ya dubi kujerun. "Ko da yake ba a gama su ba. Biyu ba ƙafa."

Ya ɗauki ɗaya ya kifa ta a cinyarsa. Ƙafafunta baƙin katakon rufi ne, sun buɗe waje ta gaba da ta gefe, kowace daidai da 'yar'uwarta. Ya nuna wa Sufeto ƙasan ƙafar.

"Zarton hannu layi miƙaƙƙe yake bari, Yallaɓai. Wannan ka ga layin a lanƙwashe yake kamar bakin faranti. Faifai ne." Ya ciro guntun daga aljihu ya ɗora a ƙasan wata ƙafar. Suka haɗu ba ko ƙofar iska, rabin ƙusa ya sami rabinsa. "Digiri goma a juye, goma a kwance. Haka aka bar injin jiya. Ga kuma zanen ƙusa a giciye. Mati da fensir yake zane. Mutum ɗaya na sani da ke yin wannan, don a wurinsa na fara ganinsa ina ɗan shekara tara."

Tsohon bai dubi kujerar ba.

"Baba, fito da hannunka."

Ya daɗe kafin ya fito da su. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, sun karkace kamar saiwar rogo. Babban yatsan dama ko motsi ba ya yi.

"Tun bara zarto ya fi ƙarfina," ya ce, idonsa a ƙasa. "Kwanon masara ya kai inda ya kai. Jikoki huɗu a gidan nan, ubansu ya tafi kudu ba labari. In je in ce wa yaron da na koya wa aiki ya yanka min ƙafar kujera? Bayan abin da na faɗa a majalisa?" Ya girgiza kai. "Na ɗauka ƙarar niƙa na rufe ƙarar. Ni ba na jin sa sosai. Da na ji ana maganar aljani, sai na ce to, ya fi."

"Robar fa?" in ji Sufeto.

"Abin yana son yatsa biyu a lokaci ɗaya. Ba ni da su. Sai in naɗa roba in ja da haƙori, in riƙa kashewa daga soket. Jiya ya ci ƙusa, ina cikin dubawa wuta ta ɗauke, sai na ji amalanken alluna a ƙofar gaba. Na kwashe kayana na fita."

"Yau kuma?"

"Ina zaune a nan na ji bugun janareta a ƙirjina. A nan na tuna." Ya sa hannu a aljihu da ƙyar, ya jawo wata baƙar roba mai tsawon kamu ɗaya, ya ajiye a kan buzu. Gefe ɗaya duk ɗigon jini, bakinta da sawun haƙori. "Na wanke hannuna sau bakwai. Ita na kasa jefarwa."

"Da ka shiga, yana da rai?"

"Yana da rai."

"Ya gan ka?"

"Ya gan ni. Yana riƙe da hannun. Na warware robar, injin ya yi shiru. Sai ya ce, Baba, ɗaure min." Tsohon ya dubi robar. "Na ce a raina bari in ɓoye wannan tukuna, in kira mutane. In suka gan ta a hannuna, shi ke nan, kowa ya sani. Na zo nan. Na zauna. Ƙafafun suka ƙi tashi. Ina jin lokacin da Ishaya ya yi ihu. Ina jin lokacin da aka ja shi."

Daga nesa ana jin sautin turmi, wata na daka ko a ranar makoki.

Malam Sabo ya ɗauki robar ya ja ta tsakanin hannayensa. Mai ƙarfi ce, daga tayar babur aka yanko ta.

"Baba, ita yake nufi. Robar da ke hannunka. Da ka naɗa masa ita a damtse ka ja da haƙorin nan, da ya kai asibiti."

Tsohon ya rufe ido.

"Kuma ba abin da za ka ɓoye masa. Ya sani tun satin farko. Shi yake ƙara wa Nababa gas don ka samu ka gama. Ya ce wa matarsa aljanin tsoho ne, a bar shi ya ci abinci."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Baba Sama'ilu, ba kuka ba, ba magana ba. Ya kifa goshinsa a kan buzu, bai ƙara ɗagowa ba sai da kurtu ya kama shi ta hammata.

Sufeto da kansa ya tsaya a ƙofar gidan dagaci ya yi wa mutane bayani, da robar a hannu ɗaya da kujerar a ɗaya. Ba wanda ya yi hayaniya. Samarin suka riƙa jingine sandunansu a bango ɗaya bayan ɗaya, kamar ba su suka zo da su ba. Aka fito da Ishaya, ƙanin Mati ya cire rigarsa ta sama ya miƙa masa, ba tare da ya iya duban idonsa ba.

Bayan azahar aka kai Mati. Ishaya ya tsaya daga gefen maƙabarta har aka gama. Da mutane suka watse ya matso kusa da Malam Sabo.

"Baba, a tabarma za mu sa ta. Ba komai. Kakanninmu ma haka aka yi musu."

"Me ta ce tana so?"

"Akwati. Tun bara take faɗa. Ta ce mai kafaɗa, irin na mijinta."

Malam Sabo ya nufi wurin Sufeto, wanda ke zaune a kan baburinsa yana jiran mota.

"Yallaɓai, injin nan."

"Injin shaida ne, Malam, da shi zan tafi." Ya duba hanya, ba ko alamar mota. "Tsohon faifan da robar suna hannuna, hotuna na ɗauka. Ni zan je in yi alwala. Ina da jinkiri wajen alwala."

Aka buɗe ƙofofin shagon duka biyun, haske ya shiga. An kwashe baƙar dusar an zuba yashi. Malam Sabo ya duba wayar, tana ƙasa inda ya yar da ita. Ya ɗaura sabon faifai, ya mayar da murfi, ya gwada shi sau uku yana rufewa da kansa. Ya warware duk robar da Mati ya naɗa a mariƙi har kunamar ta fito fili. Ya auna allo, ya zana da fensirin da ya tsinta a kan tebur, wanda Mati ya tattaune gindinsa. Ya juya kan injin, ya kwantar da shi, ya ɗaure. Sannan ya jona waya, ya ce wa Nababa ya tayar.

Janareta ya kama. Injin bai motsa ba.

Malam Sabo ya tsaya yana kallonsa, ya fi minti guda. Sai ya sa Ishaya ya riƙe ƙarshen allon, can nesa da faifai, shi kuma ya danne da hagunsa, ya matsa kunama da dama. Kukan ya cika garin. Mata suka leƙo ta katanga. Wannan karon kowa na ganin wanda ke tsaye a bayansa, amma duk da haka wata tsohuwa ta ja jikanta cikin gida.

Allo shida, kafaɗa biyu, suka haɗu ba gyara. Yana sauke faifai a kan yanka na ƙarshe janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Gas ɗin Ishaya ya ƙare. Shiru ya dawo shagon, irin na ɗazu da safe.

Malam Sabo ya saki kunama, ya zagaya bayan tebur, ya sunkuya wurin soket.

"Baba, ai wutar ta ɗauke," in ji Ishaya.

"Na sani," ya ce, ya zare wayar.